Shin tarbiyyantar da yara a kan addini cutarwa ce?

 Yau za mu taɓo wata magana mai nauyi, wadda wasunmu suka fara cin karo da ita a wayoyinsu, wasu kuma a ɗakin kwanan ɗalibai bayan sun shiga jami'a. Maganar ita ce: shin iyayen da suka ɗora ɗansu a kan addini tun yana ƙarami sun cuce shi?

Mun san akwai wanda da jin haka zai yi a'uziyya ya buɗe wani shafin. Muna roƙonsa ya ɗan dakata. Ƙin amsa tambaya ba ya kashe ta. Gobe ƙanenka ɗan aji uku a sakandare zai gan ta a Facebook ko TikTok, an tsara ta da Turanci mai daɗi, ya zo ya tambaye ka. Idan abin da ya samu a wurinka tsawa ce kawai, zai koma wurin waɗanda suka saurare shi. Don haka gara mu zauna mu duba maganar da idon basira, mu ga inda masu ita suka kauce, mu kuma ga inda suka fama mana ciwo na gaske.

Daga ina maganar ta fito?

Wanda ya fi yayata wannan ra'ayi a zamaninmu shi ne Richard Dawkins, wani Baturen Ingila masanin ilimin halittu, wanda aka haifa a Nairobi a 1941, ya kuma daɗe yana koyarwa a Jami'ar Oxford. Bai yarda da samuwar Allah ba. A 2006 ya fitar da littafi mai suna The God Delusion, inda ya ware babi guda a kan yara da addini.

Idan muka taƙaita, ƙorafinsa uku ne. Na farko, a ganinsa bai dace a kira ƙaramin yaro Musulmi ko Kirista ba, kamar yadda ba a cewa jariri mabiyin wata aƙidar siyasa ne. Sai dai a ce ɗan iyaye Musulmi ko ɗan iyaye Kiristoci, har ya girma ya zaɓa. Na biyu, yana ganin tsoratar da yara da azabar wuta kan bar tabo a zukatansu har tsufa. Na uku, yana ganin yaron da aka saba masa da karɓar magana ba tare da neman hujja ba, shi ne gobe masu tsattsauran ra'ayi za su fi sauƙin ja da hanci.

Yana da kyau mu san yanayin da aka yi wannan rubutu. Littafin ya fito ne shekara biyar bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, shekara ɗaya kuma bayan tashin bama-bamai a Landan a Yuli 2005. Ga kuma rikicin Arewacin Ireland, inda 'yan Katolika da 'yan Furotesta suka shafe kusan shekara 30 suna zubar da jini, yaransu kuma mafi yawa na zuwa makarantu daban-daban. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin ya ga ɓarna ta gaske. Abin dubawa shi ne ko ya gane musabbabinta daidai.

Me bincike ya nuna?

Tun da masu wannan ra'ayi da kimiyya suke tinƙaho, bari mu bi su can.

A 2015 wata fitacciyar mujallar kimiyya mai suna Current Biology ta buga wani bincike da Farfesa Jean Decety na Jami'ar Chikago ya jagoranta. An gwada yara 1,170 masu shekara 5 zuwa 12 a ƙasashe shida: Amurka, Kanada, Sin, Jodan, Turkiyya da Afirka ta Kudu. Aka ba kowane yaro sitika ta wasa guda 10, aka tambaye shi nawa zai iya bai wa wani yaron da bai samu ba. Sakamakon ya ce yaran gidajen masu addini sun fi rowa. Jaridun duniya suka yi ta yamaɗiɗi da labarin.

Shekara ɗaya bayan haka wasu masana suka sake bin alƙaluman, sai suka gano tuntuɓe a lissafin. An bai wa kowace ƙasa lamba don a bambanta ta da sauran, sai kwamfuta ta ɗauki lambobin a matsayin adadi na ƙari da ragi. Da aka gyara, sai ya bayyana cewa ƙasar da yaro ya tashi ce ta fi bayyana bambancin, ba addinin gidansu ba. A 2019 mujallar ta janye binciken baki ɗaya. Har yau akwai masu yaɗa labarin farko, ba su san an janye shi ba. Wannan kansa darasi ne ga ɗalibi: kada ka ji an ce "bincike ya nuna" ka sallama, tambayi wane bincike, a ina, kuma me ya biyo baya.

A ɗaya ɓangaren, a 2018 masana biyu daga Jami'ar Harvard, Ying Chen da Tyler VanderWeele, sun fitar da sakamakon bibiyar matasa sama da 5,000 a Amurka na tsawon shekara 8 zuwa 14. Sun gano cewa waɗanda suka tashi suna zuwa wurin ibada aƙalla sau ɗaya a mako, da suka kai shekara 23 zuwa 30 sun fi waɗanda ba sa zuwa yiwuwar bayyana farin ciki da kashi 18 cikin 100, sun fi su shiga aikin taimakon al'umma da kashi 29, shan miyagun ƙwayoyi kuma ya yi ƙasa a cikinsu da kashi 33.

Amma mu ma kada mu yi saurin buga ganga. Mafi yawan waɗanda aka bibiya Turawa ne 'ya'yan ma'aikatan jinya, daga gidaje masu rufin asiri. Yaron da ke zuwa wurin ibada da ƙoshi a cikinsa, iyayensa na riƙe da hannunsa, ba ɗaya yake da yaron da ke yawo da roba a tashar mota ba. Abin da za mu iya ɗauka daga binciken shi ne, babu shaidar cewa addini a karan kansa guba ne ga yaro, kuma idan aka haɗa shi da kulawa yakan yi amfani. Bai ce duk abin da aka yi wa yaro da sunan addini alheri ne ba.

Babu yaron da ke tashi a fili fetal

Shawarar a bar yaro har ya girma ya zaɓa tana da daɗin ji, amma mu gwada ta a aikace. Babu uwar da ke yin shiru da bakinta har ɗanta ya kai shekara 18 ya zaɓi Hausa ko Fulfulde ko Kanuri. Babu uban da ke ƙin gaya wa 'yarsa sata haramun ce don kada ya tauye mata 'yancin tunani. Gidan da ba a taɓa ambaton Allah a cikinsa shi ma yana koyar da wani abu: yana koya wa yaro cewa maganar ba ta da muhimmanci. Zuciyar yaro kamar gona ce da damina, ko ka yi shuka ko ba ka yi ba, wani abu zai tsiro. Uban da ya yi imani da Lahira da gaske, ya kuma ɓoye wa ɗansa, a wurin kansa ya ci amana.

Sai kuma tambayar da masu wannan ra'ayi ba su cika son amsawa ba: idan aka karɓe wa iyaye wannan haƙƙi, wa za a danƙa wa? An taɓa gwadawa. A 1967 gwamnatin Enver Hoxha ta Albaniya ta rufe duk masallatai da coci-coci, ta haramta koyar da addini, har sai a 1990 aka ɗage haramcin. Yaran ƙasar ba su samu 'yancin zaɓi ba, an dai sauya musu abin bauta ne da jam'iyya da shugabanta. A Kanada kuwa, kimanin yara 150,000 na 'yan asalin ƙasar aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati ke ɗaukar nauyi, coci-coci ke gudanarwa, aka hana su harshensu da al'adunsu, dubbai suka mutu a can. A Yuli 2022 Fafaroma Francis ya je Kanada da kansa ya nemi gafara. A wuraren biyu, ɗaya da sunan rashin addini ɗaya da sunan addini, ɓarnar ta fara ne daga ranar da hukuma ta ce ta fi iyaye sanin abin da ya kamata yaro ya yi imani da shi.

Shi ya sa dokokin duniya suka bi tsakiya. Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, a sashe na 14 ta tabbatar wa yaro 'yancin tunani da addini, ta kuma tabbatar wa iyaye haƙƙin yi masa jagora gwargwadon yadda hankalinsa ke girma. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar wani addini da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Kowane ɗalibi, Musulmi ne ko Kirista, ya kamata ya san wannan sashe.

Inda suka fama mana ciwo

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan muka ce babu yaron da aka taɓa cutarwa da sunan addini, yaranmu da kansu za su ƙaryata mu.

A Satumba 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, cikinsu har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu bayansu duk shatin bulala. Makonni kaɗan bayan haka aka sake buɗe wani a Daura. Abin da ya fi ciwo shi ne, da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton tarbiyya suke saya.

Ga kuma ƙolo ɗan shekara shida da aka ɗauko daga ƙauye aka ajiye a birni, ba guzuri ba bargo, malaminsa na da almajirai fiye da yadda zai iya ciyarwa. Tsangaya ta fitar da alarammomin da ake alfahari da su, amma a da gari ne ke ciyar da almajiri, malam na da gona, sarakuna na tallafawa. Da wannan tsari ya rushe, sai aka bar yaro da bara. An buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato a 2012, a 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, amma duk mai fita titi ya san aiki na nan jingim.

A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, wasu masu wa'azi na cikin waɗanda suka yaɗa ta. Rashin yardar na da tushe, domin mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yaran Kano a 1996 ba. Duk da haka, kafin Kano ta dawo da rigakafin a Yuli 2004 cutar ta bazu, yara sun shanye, wasunsu yanzu sa'o'inmu ne. Daga baya sarakuna da malamai ne, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, suka shiga gaba wajen wayar da kai, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a Agusta 2020.

Matsalar ba ta addini ɗaya ba ce. A jihar Akwa Ibom an sha azabtar da yara ana korar su daga gida saboda wani mai wa'azi ya ce mayu ne. A dajin Shakahola na Kenya, a 2023 aka tono gawa sama da 400 ta mabiya wani fasto da ake zargi ya umarce su da ƙin cin abinci har mutuwa, cikinsu akwai yara da yawa.

Duba waɗannan misalai da kyau. Babu ɗaya daga ciki da illar ta zo daga koya wa yaro cewa Allah Yana ganinsa, ko ya yi gaskiya, ko ya tausaya wa maraya. Ta zo ne daga sarƙa, da yunwa, da hana magani, da biyayya makauniya ga mutum guda da ba a isa a ce masa don me ba.

Magabata sun riga Dawkins faɗa

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, malaman Musulunci sun daɗe da yin wannan gargaɗi. Muhammad Ibn Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a 870 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai, inda ya taƙaita bulalar karatu zuwa uku, ya hana dukan fuska da kai. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya ware fasali guda yana bayanin cewa tsanantawa na cutar da ɗalibi, tana kashe masa kuzari, tana koya masa ƙarya da yaudara don ya tsira daga duka. Duk wanda ya taɓa motsa baki a aji yana riya karatu don tsoron dorina ya san gaskiyar wannan.

A nan gida, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Ita ma a kan addini aka rene ta, ga abin da ya haifar.

Can asali kuwa, Anas bin Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma ba da shaidar cewa bai taɓa yi masa tsawa ba. Da wani babban mutum ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, abin da ya samu gargaɗi ne a kan rashin tausayi. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Ibrahim (AS) yana roƙon Ubangijinsa Ya nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, kuma an nuna masa, ba a kore shi ba. To, ina muka samo cewa yaro mai tambaya shaiɗani ne? 'Yan uwanmu Kiristoci ma sun san yadda Yesu Almasihu ya tsawata wa almajiransa da suka hana a kawo masa ƙananan yara.

Akwai misali a Kaduna da ya isa a yi tunani a kansa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye dukansu sun tashi cikin addini, dukansu sun jagoranci matasa masu gaba da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. A 1995 suka haɗu suka kafa cibiyar sasanta Musulmi da Kirista, kowanensu kuma daga littafinsa ya samo hujjar yafiya. Littattafan ba su canza ba tsakanin 1992 da 1995. Abin da aka jaddada musu daga ciki ne ya canza.

Ma'aunin da za mu riƙe

Saboda haka amsarmu ita ce, ɗora yaro a kan addini ba cutarwa ba ce, amma ana iya cutar da yaro a hanyar ɗora shi. Ga tambayoyi biyar da za mu iya auna kowane gida da kowace makaranta da su, Islamiyya ce ko makarantar Lahadi:

1. Yaron yana cin abinci, yana samun magani, yana da wurin kwana mai aminci?
2. Idan ya yi tambaya, ana amsa masa ko ana dukansa?
3. Ya san rahamar Allah kamar yadda ya san azabarSa, ko wuta kaɗai aka cika masa kunne da ita?
4. Me ake gaya masa game da maƙwabcinsa mai wani addini ko wata aƙida?
5. Karatun addininsa ya buɗe masa ƙofar lissafi da kimiyya da sana'a, ko ya rufe ta?

Wannan aiki ba na iyaye kaɗai ba ne. Da yawa daga cikin masu karanta wannan fili su ne ke riƙe da ajin ƙananan yara a Islamiyyar unguwa da yamma, wasu kuma nan da shekara biyar za su zama iyaye. Malama, idan ɗalibarki ta kasa kawo hadda, kafin ki ɗaga bulala tambaye ta ko ta karya kumallo. Yaya, idan ƙanwarka ta tambaye ka abin da ya fi ƙarfinka, ka ce mata mu je wurin malam tare, kada ka rufe mata baki. Wanda ya ga ana azabtar da yaro a wata makaranta, ya sanar da mai unguwa ko limami ko hukuma, domin ɗa na kowa ne, kuma rufa wa mai sarƙa asiri ba kare addini ba ne. Idan kuma abokin karatunka ne ya zo da irin tambayar Dawkins, ka ba shi kujera ka amsa masa da ilimi. Wanda yake da hujja ba ya buƙatar sanda.

Ga ƙannenmu da wata tambaya ke damun su a zuci suna jin tsoron furtawa: shakka ba ta mayar da kai ɗan wuta, kuma ba kai ne farkon wanda ta taɓa zo wa ba. Nemi malami mai haƙuri da sani, ka tambaye shi cikin ladabi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman ɗalibai masu ƙungiyar muhawara a makarantunsu, da malaman Islamiyya da suka ajiye bulala suka ga yadda karatu ya kasance. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.